Tekun da Yayana Ya Haɗa a Ɗakin Dogo

Yayana mai yankan gilashi ne, kuma tun da nake ban taɓa ganin mutumin da ya tsani datti kamarsa ba. In ka shiga shagonsa ka dafa madubi, ba zai ce maka uffan ba, sai dai ya biyo bayanka da tsumma yana goge shatin yatsunka har kunya ta kama ka. Tagogi yake yi da madubai da kantocin shaguna. Ni ce ƙanwarsa, ni kaɗai kuma nake iya gaya masa gaskiya ido da ido, shi ya sa tun muna yara muke faɗa muna shiryawa.

Ɗa ɗaya Allah ya ba shi, muna ce masa Dogo. Yaron nan ya san lagon ubansa. Da gangan yake manna tafin hannunsa a madubin da aka gama gogewa, ya ruga yana dariya, uban ya bi shi da tsumma. Da ya girma ya ƙi gilashi, ya sami aiki a ɗakin injin wani jirgin ruwa na dakon kaya. Wata rana aka bugo waya aka ce igiyar ruwa ta ɗebe shi daga saman jirgi, an nema an rasa. Jakarsa kawai aka aiko mana.

Yaya bai yi kuka ba, kuma wannan ne ya tsorata ni. Ya ci gaba da buɗe shago yana ramewa. Ran nan da tsakar rana na kai masa abinci, na tarar da shi tsaye riƙe da abin yanka, ya ƙura wa fallen gilashi ido.

Na ce, "Yaya, wai me kake kallo?"

Ya ce, "Auta, ganinsa nake yi. Yana kwance a ƙasan ruwa da rigar aikinsa, idonsa a buɗe. Babu abin da ya taɓa shi. Jira yake a zo a ɗauke shi, ni kuma ban san hanya ba."

Na ajiye masa abincin na fito.

Yaya bai taɓa ganin teku ba. Abin da ya jawo komai shi ne wata mata mai shagon kifin ado da ta kira shi ya sa mata ƙofar gilashi. A shagon ya ga wani akwatin gilashi cike da ruwa mai shuɗin haske, da duwatsu a ciki da murjani mai rai, wata halittar teku mai kama da tsiro, yana kaɗawa. Ta ce masa wannan ruwan gishiri ne, haka ƙasan teku yake. Ya gama aikin ƙofar ya koma gida ya yanka gilashi mai kauri, ya haɗa nasa akwatin da gam, ya kafa shi a ɗakin Dogo, daidai inda gadon yake a da. Na ce masa wannan hauka ne. Maman Dogo kuwa ta daina bi ta ƙofar ɗakin kawai.

Mai kifi ta ba shi garin gishirin teku da yashi da ɗan injin da ke juya ruwa da fitila. Ta kuma ba shi duwatsu a jiƙe, naɗe cikin tsohuwar jarida, suna ƙarni. Ta ce sunansu dutse mai rai, ya sa su yadda suke. Gaya wa yayana ya sa abu mai ƙarni a gilashinsa yadda yake? Ai sai ya ɗauko buroshi da sabulu ya dirje su tas, ya shanya su a rana har suka yi fari fat. Ni ma na taya shi ɗauraya, don a ganina daidai ya yi.

Ya zuba kifaye. Ruwan ya yi dishi-dishi, suka riƙa tasowa sama suna haki, kafin mako ya zagayo babu ko ɗaya. Ya kwashe, ya wanke komai, ya sake zubawa. Suka sake mutuwa. Duk wanda ya mutu da hantsaki yake ciro shi nan take, ya naɗe shi a tsumma mai tsabta. Na ga yana ƙara yarda cewa teku wuri ne da ba abin da yake yi sai kisa.

Ni na ja shi muka koma wajen matar, da niyyar in wanke ta tas. Ta saurare ni har na gaji, sannan ta juya gare shi.

"Baba, me ka yi wa duwatsun?"

"Na wanke su, 'yata."

"Da me?"

"Da sabulu mana."

Ta dafe kai. "Wayyo Baba! Ai dattin nan shi na ba ka. Akwai halittu a jikin dutsen, wasu ido ba ya ganinsu, su ne suke cinye ƙazantar kifi su gyara ruwan. Ka kashe masu shara, ka zuba baƙi a gida."

Ta ba shi wasu duwatsun, ta kafa masa doka. Kada ya wanke, kada ya goge ciki, kada ya sa kifi sai ta ce. Kullum ya ɗan barbaɗa abincin kifi a ruwan, ko da yake babu kifi.

Ya ce, "Wa zan ciyar?"

Ta ce, "Waɗanda ba ka gani."

Wannan lokacin ne ba na son tunawa. In na je gidan da la'asar sai in tarar da labule a sake, ɗakin ya yi shuɗi, injin yana ƙugi a hankali kamar mai barci. Yaya zai miƙa yatsu biyu ya saki abinci a ruwan da babu kowa, ya tsaya yana kallo har ya nutse. Fuskarsa kan fito a jikin gilashin, ramammiya, doguwa, kuma wallahi sau da yawa ba shi nake gani ba, Dogo nake gani. Tsigar jikina takan tashi. Maman Dogo ta tare ni a kicin ta ce, "Auta, ki gaya min gaskiya, yayanki wa yake ba wa abinci a ɗakin nan?" Na ce mata ƙwayoyin halitta ne, haka mai kifi ta ce. Ni kaina ban gamsu da amsar ba.

Gilashin ya yi gansakuka mai launin ruwan ƙasa. Na sha ganin Yaya ya ɗauki tsumma ya ajiye. Sannu a hankali duwatsun suka fara fitar da abin da ba shi ya sa ba. Ƙananan dodon koɗi suka fito suna lasar gilashi. Wasu mitsi-mitsin abubuwa kamar jatan lande suna tsere a yashi. Akwai wata tsutsa mai gashi da ke leƙowa daga rami, ita kam ko ni ƙyamarta nake yi. Ruwan ya washe da kansa. Mai kifi ta ba shi izini, ya sa 'yan kifaye da reshen murjani ɗaya, suka zauna lafiya.

Sai wata safiya ƙaramin cikin kifayen ya mutu, ya faɗa can bayan duwatsu inda hantsaki ba ya kaiwa. Yaya ya kira ni a waya. Na iso na same shi ya naɗe hannun riga zai rushe duwatsun gaba ɗaya. Kifin yana kwance a gefensa bisa yashi, ido a buɗe. Na gane abin da yake gani.

Na riƙe hannunsa na ce, "Yaya, an ce kada ka taɓa."

"In bar shi a kwance?"

Kafin in ba shi amsa, tsutsar nan ta fito daga raminta. Dodon koɗi suka biyo baya, da mitsi-mitsin nan daga ko'ina, wasu ban taɓa sanin suna ciki ba. Suka kewaye shi ba gaggawa ba hayaniya. Na kau da kai, na so in ja labule in rufe akwatin. Yaya ya jawo kujera ya zauna. Ranar bai buɗe shago ba, bai ci abinci ba, yana nan yana kallo.

Washegari da na dawo, babu komai a wurin sai yashi fari. Sauran kifayen suna yawonsu, murjanin ya buɗe yana kaɗawa. Yaya bai juyo ba ya ce, "Auta, ashe ba a barin kowa a kwance a can. Ashe tuntuni aka zo aka ɗauke shi, ni ina nan ina neman hanya."

Sannan ya yi kukan da muka daɗe muna jira. Maman Dogo ta jiyo daga kicin, ta zo ta tsaya a bakin ƙofa, ta daɗe a wurin, sannan ta shigo.

Har yanzu akwatin yana nan, kuma Yaya ya ɗan mayar da jikinsa. Cikin gilashin ya bar wa dodon koɗi, wajen kuma kullum da safe sai ya goge shi. Kwanaki na lura da shatin tafin hannu a jikin gilashin akwatin, can sama ta gefen taga, yatsu biyar a ware. Ban tambayi na wane ne ba. Na dai ga Yaya ya zo da tsummansa ya goge ko'ina, ya kewaye wurin ya bar shi.