Fenaretin Gwaggo

Akwai wata yarjejeniya tsakanin masu shirya gasar ƙwallon unguwanni a Nguru da takwarorinsu na Gashuwa, wadda ba a rubuce take ba. Idan gasa ta kai wasan kusa da na ƙarshe, ba a ba ɗan gari usur. Gashuwa ta aiko mana da alƙalin wasa, mu ma mu aika mata da namu. Dalilin a fili yake. Alƙali ɗan gari yana da unguwa, yana da surukai, yana da majalisar da yake zama da yamma, kuma duk hukuncin da ya yanke sai an nemo masa dangi a ciki. Baƙo kuwa ana iya ce masa makaho, ana iya cewa bai iya ba, amma ba a cewa ya yi son kai, tunda ba shi da kowa.

Yayana yana cikin waɗanda Nguru ke aikawa. Malamin makaranta ne, ya daɗe da usur a wuya, har furfura ta fara fito masa a gemu yana busawa. Ni kuma ranakun da ba ni da aiki a gidan rediyo nakan bi shi in riƙe masa tuta a gefen fili.

Aikin ba shi da daɗi kamar yadda ake gani daga nesa. Filayenmu rairayi ne, da toka ake zana layi, kafin a tafi hutun rabin lokaci ƙafafu sun share shi. 'Yan kallo a kan layin suke tsayawa, idan wasa ya yi zafi su riƙa matsowa, har mai tuta ya koma yana ture mutane da hannu ɗaya yana duban satar gida da ido ɗaya. Babu katanga, babu mai tsaron alƙali. Abin da ke kare shi kawai shi ne mutane su yarda cewa abin da ya gani ya busa.

Saboda haka Yaya yake da dokokinsa na ranar wasa. Ruwan shansa daga Nguru yake tahowa da shi. Ba ya cin abincin Gashuwa sai an tashi. Ba ya hawa babur ɗin kowa daga cikin masu ƙungiyoyi, ba ya tsayawa gaisawa a hanya, kuma da ya busa tashi sai tasha. Yakan ce mini, “Mutumin nan, baƙunci shi ne jarina. Ranar da na zama ɗan gari, na gama.”

Sai dai mu ba baƙi ba ne ƙwarai a Gashuwa. Muna da Gwaggo, yayar mahaifinmu, wadda aka kawo aure unguwar bakin kogi tun ba a haife mu ba. Mijinta fataken kifi yake yi, ya rasu, 'ya'yanta mata duk suna gidajensu. Yaya ya ci sunan mahaifinta, don haka ba ta taɓa kiran sunansa ba, Babana take ce masa. Mukan je gaishe ta da Sallah ko idan wani abu ya taso, cikin manyan kaya da huluna, kuma babu wanda ya taɓa haɗa mai babbar rigar nan da mutumin da ke gudu a fili da gajeren wando. Zuwanmu na ranar wasa kuwa ba ta san da shi ba.

Wata shekara da rani, lokacin da barkono ke shanye a kowace ƙofa, ƙungiyar unguwar bakin kogi ta kai wasan kusa da na ƙarshe, abin da ba ta saba ba. Za ta kara da ta unguwar tasha, aka kira Yaya. A mota na yi masa maganar.

“Yaya, unguwar Gwaggo ce fa.”

“Gwaggo lamba nawa take bugawa?”

“Ba wasa nake yi ba.”

“Ni ma haka. Ba ta da ɗa a cikinsu, ba ta da jika. Ban san sunan ko ɗaya daga cikin yaran ba. Me zan ce wa mutanen da suka kira ni? In ce ba zan zo ba saboda wata tsohuwa tana shan iska ɗaya da golansu?”

A ƙa'ida yana da gaskiya.

Mun yi La'asar a masallacin tasha, muka tari mai Keke ya kai mu fili. A babban titi muka tarar da garken shanu ana kora su kasuwa, sun cika hanya, makiyayan ba su da niyyar sauri. Mai Keken bai tambaye mu ba, ya karya kan kekensa ya shiga lungu. Sai da muka wuce wata bishiyar maina na gane inda muke.

Gwaggo tana zaune a bakin zaurenta tana juya barkono a kan tabarma. Daura da ita, a gindin katanga, samarin unguwar ne sanye da rigunan ƙungiyarsu suna jiran motar da za ta kai su fili. Ramukan lungun suka sa Keken ya rage gudu. Ta ɗago kai, ta kare ido da tafin hannu, na ga fuskarta ta buɗe.

“Babana!”

Ta ɗaga hannu, ta fara yunƙurin tashi. Yaya bai waiwaya ba. Ya kafe idonsa a ƙeyar mai Keke, ya ce da shi a hankali, “Mu je, malam.” Ni ma na sunkuyar da kai. Da muka sha kwana na saci kallo ta baya, na gan ta a tsaye, hannunta bai gama sauka ba.

A haka muka isa fili.

Wasan ya yi tsauri, amma Yaya ya riƙe shi. Ya ba kowane ɓangare katin gargaɗi tun da wuri, yaran suka shiga taitayinsu. Aka je hutu babu ci, aka dawo babu ci. Rana ta yi ja, saura kaɗan a tashi, sai ɗan wasan gaba na bakin kogi ya yanke gola ya buga ƙwallo raga ba kowa. Wani mai tsaron baya na 'yan tasha ya taho a guje ya sa hannu ya tare ta a kan layi. Yaya yana kusa, ni ma na gani, duk wanda ke filin ya gani. Ya busa, ya nuna fenareti, ya ɗaga jan kati. Yaron bai yi gardama ba, ya ja rigarsa ya rufe fuska ya fita. Aka buga, ta shiga. Da aka tashi kocin 'yan tasha ya zo da kansa ya ba Yaya hannu, ya ce, “Alƙali, ba mu da ta cewa. Yaronmu ne ya kashe mu.”

A wani aji na makarantar da ke gefen filin muka canja kaya. Na lura Yaya yana ɗaure jakarsa yana kwancewa.

Na ce, “Mu kama hanya. Ranar Juma'a mu dawo da manyan riguna mu ba ta haƙuri.”

“Ta kira ni ban amsa ba.”

“Na sani. Amma ka duba wanda ya ci wasan nan. Da su aka cinye, ka shiga unguwar, a zage ka, gobe a yaba maka. Yanzu kuwa kai ka ba su fenareti. Idan aka gan ka a gidan nan yau, an gama magana.”

“Duk na lissafa wannan tun ina cikin fili.”

“To?”

“To ta kwana da shi ke nan har Juma'a? Matar da ta goya babanmu?” Ya rataya jakar. “Kai ka wuce tasha in kana so.”

Tare muka tafi. Muka yi Magariba a masallacin bakin lungun, muka yi sallama a zaure.

Daga ciki ta ce, “Su wane ne? Baƙi ne? Daga wane gari?”

“Mu ne, Gwaggo.”

“Ku wa? Ni ban da kowa a Nguru. Ɗazu dai na ga wasu masu kama da 'ya'yan ƙanena a Keke, na ce ashe idon nan ya gama lalacewa.”

Muka shiga muka durƙusa a gaban tabarmarta. Ta bar mu a durƙushe ta ci gaba da jan carbi. Yaya ya yi mata bayani dalla-dalla: yadda ake musayar alƙalai, da dalilin da ya sa ba ya gaisawa da kowa, da samarin da ke tsaye kusa da ita. Ta saurara har ya gama.

“An ce har gajeren wando kake sawa kana bin yara da gudu. Da furfurarka.”

“Aikin ne haka, Gwaggo.”

“Ɗaga hannu ma aikin ne ya hana?”

“Yaran suna kallo.”

“Su yaran daga sama suka faɗo? Ba su da gwaggonni?” Ta ajiye carbin. “Ni ban san ƙwallo ba, Babana. Amma alƙalin da gaisuwa za ta karkatar da shi, ai tun can a karkace yake.”

“Ba ni za ta karkatar ba. Zukatan masu kallo za ta karkatar.”

Ta ƙura masa ido. Can ta ce, “Ku tashi daga ƙasan nan, kun ishe ni.” Ta shiga ɗaki ta fito da kwano. Shinkafa ce da miyar busasshen kifi. Ta ce tun da ta gan mu ta ƙara awo a tukunya, wai don ta ga ko kunya za ta kawo mu. Muka wanke hannu. Rabon Yaya da abinci tun safe.

Muna cikin ci muka ji gangar samarin da hon ɗin babura sun shigo lungun suna murna. Wani daga cikinsu ya leƙo zaure don ya yi wa tsohuwar unguwa albishir, ya yi turus.

“Kai! Alƙali ne!”

Kafin a ce me, tsakar gidan ya cika. Gwaggo ta gyara zama, fushin ya tafi, alfahari ya maye gurbinsa. Ta ce, “Kun san shi? Ɗan ƙanena ne. Sunan babana gare shi.”

Kyaftin ɗinsu ya tafa hannu ya juya wajen 'yan uwansa. “Ashe namu ne! Wallahi ashe namu ne!”

Suka ɗauka da sowa. Yaya ya cire hannunsa daga kwanon ya ajiye a kan gwiwa. Gwaggo ta dube shi, ta dubi yaran, murmushinta ya ragu. Ta ce, “Ku fita ku ba mutane wuri, abinci suke ci.”

Labarin ya riga mu isa tasha. Yaron motar da muka shiga ɗan unguwar tasha ne, ya karɓi jakunkunanmu bai amsa gaisuwarmu ba. Cikin 'yan kwanaki hannun da kowa ya gani a kan layi ya zama kafaɗa, daga baya ya zama ƙirji. Kocin da ya ba Yaya hannu ya ce dama shi tun farkon wasa ya ga alamu. Hukuncin ya samu suna, fenaretin gwaggo, kuma har yau a Gashuwa idan alƙali ya busa abin da wani ɓangare bai so ba, za ka ji an tambaya daga cikin 'yan kallo ko gwaggonsa a wace unguwa take.

Masu shirya gasar ba su tuhume shi da komai ba. Shugabansu ya kira shi a waya ya ce shi ya san fenaretin daidai ne, amma mutane ba za su sake tsayawa a bayan layi ba idan shi ne a tsakiya. Aka ba wani wasan ƙarshe. Shekarar da ta biyo baya ma wani aka kira.

Na daɗe ina juya abin. A wurin aikina an koya mana cewa bai isa labari ya zama gaskiya ba, sai mai sauraro ya yarda da bakin da ya faɗe shi. Shugaban gasar bai yi kuskure ba. Gwaggo ma ba ta yi ba. Yaya ya san abin da zai rasa tun kafin ya kwance takalmin wasa, ya kuma tafi da ƙafarsa. Bai taɓa ce mini ya yi nadama ba, bai kuma taɓa cewa abin bai dame shi ba. Yana busa wasannin makarantu a Nguru, wani lokaci a kira shi Yusufari, inda ya bincika ya tabbatar ba mu da kowa.

Da damina ta kewayo muka je gaishe ta. Ta sa mana abinci, ta zauna tana kallonmu.

“Babana, an ce sun daina kiran ka saboda ni.”

“Sun daina, Gwaggo.”

“Kuma hannun nan, da gaske yaron ya sa?”

“Ya sa.”

Ta gyaɗa kai. Ta tsamo kan kifin daga cikin miya ta tura shi gefensa na kwanon.

Ta ce, “To ci. Yanzu ai ba mai hana ka.”