Man da Na Kai wa Yaya

Shekara talatin da ɗoriya na yi ina aiki a kan mai. Ba esansin mota ba, man ci. Abin da nake bi shi ne yadda cikin mutum ke narkar da maiƙo. Akwai wani ɗan nama kwance a bayan tumbi, shi ke fitar da wani sinadari da muke ce wa lipaz a labo, wato ɗakin bincike, ɗaya daga cikin masu aikin narkar da abinci da ake kira anzim. Lipaz ke farfasa mai ƙanana-ƙanana har hanji ya iya shanye shi. In ya yi ƙaranci, man da ka ci zai wuce yadda ya shiga, ya kuma tafi da ruwan jikinka. Wannan ɗan zancen na kwashe rayuwata ina aunawa a cikin ƴan kwalabe, har idona ya mutu na koma tabarau.

Amma ba a labo na fara sanin mai ba. A Tasawa ne, a gindin turmin yayata. Uwarmu ta rasu ina ƙarami, Yaya ce ta goya ni, kuma sana'arta man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Ta soya gyaɗa, ta murje, ta daka, sannan ta riƙa zuba ruwan zafi kaɗan-kaɗan tana juyawa da taɓarya har mai ya taso a kan tunkuza. Ba ta awo, da ido take ganewa. Hannunta kullum yana sheƙi, kuma duk abin da ta taɓa sai ya ɗauka. Littattafaina na lakwal, makarantar boko, duka da tabon mai, mushe malaminmu ya sha zane ni a kai, ni kuwa ban taɓa ce masa Yaya ce ke shirya mini jaka ba.

Daga baya ta yi aure a Isawan, can arewacin Mayahi, wurin wani mutumin kirki mai gona da ƴan shanu. Ni kuma na bi karatu, Maradi, sannan ƙasar waje, na dawo Yamai soja na mulki. Lokacin farin farko ya riga ya kashe gyaɗa a ƙasarmu, turmin Yaya ya koma na dakan hatsi kawai. A labo aka ɗora ni kan binciken yunwa, tunda ita ce zancen kowa. Aikina ɓeraye. In rage musu abinci makonni har su rame, gashinsu ya zube, sannan in raba su biyu. Kashi ɗaya in ba su kunu tsararo kaɗan-kaɗan, ɗaya kashin in cika musu kwano da abinci mai maiƙo. Masu kunu suna miƙewa a hankali. Masu mai kuwa zawo ke kama su, domin jikin da ya daɗe cikin yunwa ya daina yin lipaz yadda ya kamata. Da safe ni ke kwashe gawarsu, in rubuta, in wanke hannu, in sha kafe.

Sai fari na biyu ya zo. Wani direban kamyo, babbar motar kaya, ɗan unguwarmu ya same ni a bakin labo, ya ce an kawo Yaya da ƴaƴanta Tasawa a amalanke, tana gidan Gwaggo, ƙanwar ubanmu. Shanun sun mutu, mijin ya tafi kudu neman abin da za a ci, ita kuma ta daɗe tana ba ƴaƴanta rabonta tana ce musu ta ci a maƙwabta. A zamanin ma'aikaci ba ya barin wurin aikinsa sai da takardar izini. Tawa ta yi kwana tara a kan teburin wani mai kaki. Kullum in je biro, ofishinsa, a ce in dawo gobe, in ce na gode, in fito ina zaginsa a ciki. Ran da ya sa hannu na wuce kanti, na sayi shinkafa da sukari, sannan na ga bidon man gyaɗa, jarka guda, na ce a ɗauko. Ba a zuwa gida hannu sake, kuma wa zan kai wa man gyaɗa in ba Yaya ba? Wallahi a kantin nan ko sau ɗaya ɓerayena ba su faɗo mini a rai ba.

Na iso Tasawa da hantsi, bayan shingen jandarma da ban san iyaka ba, kowanne sai an buɗe kaya. Yaya tana kwance kan tabarma a ƙarƙashin rumfa. Ƙafafunta sun kumbura, hannuwanta sun zama kamar karan dawa. Na durƙusa na gaishe ta, na jira in ji wani abu a ƙirjina, ban ji ba. Abin da na yi shi ne na danna ƙafarta da yatsa, wurin ya lotsa bai dawo ba. Ta dube ni ta ce, "Auta, ka yi ƙiba."

Gwaggo ta kwance kaya a gaban matan unguwa da suka shigo yi mini sannu da zuwa. Da ta buɗe bidon, ƙamshi ya cika gidan, hira ta tsaya. Yaya ta ce a miƙo mata murfin. Ta sansana, ta shafa a yatsa, ta ce, "Na inji ne. Ba su bari gyaɗar ta soyu ba." Aka yi dariya. Gwaggo ta ce yau kam gidan nan zai ga maiƙo, ta ɗora tukunya.

A wurinmu haka ake yi, kuma ba hauka ba ne. Mai jego, da wanda ya tashi daga jinya, da wanda ya dawo daga doguwar tafiya, da maiƙo ake mayar musu da jiki. Kuma tsarabar baƙo ranar da ta iso ake taɓa ta, mara lafiya ke fara ci. Sai da na ga Gwaggo ta tuttula mai a kan shinkafa har yana kwanciya a gefen kwano, sannan hankalina ya dawo. Na tashi na same ta a murhu.

Na ce, "Gwaggo, kar a ba ta wannan yanzu. A dama mata kunu tsararo, a riƙa ba ta kaɗan-kaɗan. Mai sai nan da mako biyu."

Ta ce, "Me ka ce, ɗan nan?"

Na maimaita. Ta ajiye muciya. Ta ce, "Wata nawa yarinyar nan tana shan ruwan kunu? Shi ya kai ta inda take. Ka zo da mai tun daga Yamai, ka ce a ajiye a riƙa kallo? Ka dubi wuyanka, ka dubi nata."

Na ce cikinta ba zai iya ba, zai sa ta zawo. Ta ce a ina na taɓa ganin mai ya kashe mutum. Nan na yi wautar da har yau nake jin kunyarta. Na ce na gani da idona, na gwada a kan ɓeraye.

Wata tsohuwa ta riƙe baki. Gwaggo ta ce a hankali, "Yayarka ce ɓera? Wadda ta goya ka?" Sai ta juya wajen matan ta ce, "Kun ga abin da lakwal ke koyarwa. Rowa, a shekarar yunwa."

Ni mutum ne mai zafin kai. A labo na sha jefar da kwalba don mataimaki ya yi kuskuren awo, na taɓa gaya wa shugabana baƙar magana a gaban baƙi. Amma a tsakar gidan nan, da cikina a gaba da rigata mai guga, bakina ya mutu. Da na ɗauke kwanon, da kafin la'asar duk Tasawa ta ji cewa ɗan Yamai ya ƙwace abinci daga bakin yayarsa. Ina tsaye ina auna wannan, sai Yaya ta ce daga rumfa, "Bar ni in ci, Auta. Na daɗe ban ji shi a bakina ba." Na ce to. Na fita zaure wurin maza, aka kawo mana namu, muka ci.

Zawon ya fara washegari da safe. Na haɗa ruwan gishiri da sukari, na zauna ina ba ta da cokali. Abin da na zuba yana fita kafin in sake cika kofi. Gwaggo ta ga ƙarfi na ƙarewa, ta ce maiƙon ne bai isa ba, ta ƙara mata a cikin kunu lokacin da na tafi kiran majo, babban ma'aikacin likitar garin. Na gane da na ga mai yana yawo a saman ƙoƙon, ban ce komai ba. Majo ya zo ya yi abin da zai iya. Da muka fito ƙofar gida ya tambaye ni da Faransanci abin da ta ci, na gaya masa, ya dube ni, don ya san aikina. Ta cika a rana ta huɗu bayan azahar. Aka yi mata sutura, muka kai ta, muka dawo. Mutane suna ta yaba mini haƙuri. Ba haƙuri ba ne, ni dai ban ji komai ba, ina ta lura da ƙananan abubuwa, irin takalmin wane da ya tsinke da yadda ƙasar kabarin ta bushe har ƙasa.

Ban san tabbas ko man ne ya kashe ta ba. Ruwan rijiya ma a shekarar ba shi da kyau, kuma jikin ya riga ya tafi. Na sha gaya wa kaina haka, wani lokaci har in yarda. Na koma Yamai kafin izinina ya ƙare, na ci gaba da ɓeraye. Na yi rubuce-rubuce, an kira ni taro ƙasashe, na koyar da ma'aikatan jinya masu yawa cewa wanda yunwa ta daɗe a jikinsa da abu tsararo ake fara masa, kaɗan-kaɗan. Suna rubutawa da sauri, ba wanda ya taɓa yi mini gardama. Gwaggo ta rasu ba mu taɓa tayar da zancen ba, kuma har ta mutu tana cewa ni na yi wa Yaya gatan ƙarshe.

Ranar sadakar uku na fi tunawa. Bidon bai kai rabi ba, Gwaggo ta ce ba a barin man mamaci ya kwana banza, aka jiƙa sauran shinkafar aka toya masa da ita. A shekarar nan ba gidan da ya yi sadaka da masa, mutane suka cika ƙofar gida, aka yi wa Yaya addu'a, aka yi wa wanda ya kawo man addu'a. Ƴaƴanta suna rakuɓe a jikin bango suna kallon faranti. Wannan karon na tashi, na ce a ba su rabi-rabi kawai da kunu, kuma ban saurari kowa ba. Gwaggo ta kalle ni. Sannan aka turo farantin gabana. Na ɗauki ɗaya, da zafinta, mai yana bin yatsuna har gwiwar hannu. Na ci uku, na zauna ina jira. Cikina bai yi komai ba, ya narkar da su tsaf.