Shawara da Alfadari

Alvis Crabtree mai aski ne a wani ƙaramin gari a gindin duwatsun gabashin Tennessee. Waɗanda suka daɗe suna zama a kujerarsa sun san hannunsa da sanyi, sun san ba shi da yawan magana. Kaɗan ne suka san cewa da ƙuruciya an ji gogensa a rediyo, shi kuwa bai taɓa tayar da zancen ba.

A kwarin da aka haife shi kusan kowane gida akwai goge ko banjo, wata irin garaya, a rataye, amma hannun Alvis daban ne. Ubansa Hershel, manomin taba da masara, ba ya kiɗa. Wata magana aka san shi da ita. Kafin ya faɗi ra'ayinsa a kan komai, ko yanayin ruwa ne ko wa'azin fasto, sai ya shafa haɓa ya ce, "To, ni da alfadari mun yi shawara." Bayan rasuwar matarsa ya fara, lokacin da ba shi da abokin hira a gona sai dabbar. Mutanen kwari ba sa dariya. Sun san inda maganar ta samo asali.

A shekarun nan ne gidajen rediyo na birni suka gano cewa kiɗan mutanen dutse yana da masoya. Alvis ya sauka birni sanye da kwat ɗinsa na zuwa coci, takalmi na ƙyalli. Mai shirya shirin, wani Dorsey, ya saurari gogen, sannan ya ƙare wa kwat ɗin kallo.

"Kiɗa ya yi, samari. Amma wannan shigar fa, jana'izar wa za ka? Ƙauye mutane ke son gani."

Aka ba shi wandon gona mai faci da malafa, aka shafa wa haƙorinsa ɗaya baƙi.

"Kuma tsakanin waƙa da waƙa ka riƙa ɗan jefa magana," in ji Dorsey. "Ko ba ku da abin dariya a can sama?"

Asabar ta farko, gaban zaure cike da mutanen birni, lokacin jefa magana ya zo wa Alvis. Ya laluba, bai sami komai ba sai abu ɗaya. Ya shafa haɓa, ya ja murya yadda ubansa ke ja, ya saki maganar shawara da alfadari. Zauren ya ɓarke da dariya. Ba a jima ba jama'a suka fara riga shi faɗa.

Ya lallashi zuciyarsa da cewa babu lantarki a kwarinsu. Batir ne bai zo masa a rai ba. Ashe Virgil mai kanti ya sayo rediyo mai batir, kuma kowace Asabar da yamma rabin kwarin na zaune a kan buhuna suna saurare.

Da lokacin yankan taba ya yi, Alvis ya zo gida, ya biya ta kanti.

"A'a, ɗan Hershel, kai ne?" in ji Virgil. "Alfadarin ya ba ka izinin zuwa?"

Mazauna benci suka yi dariya, amma gajera.

"Tsoho yana zuwa ji?" Alvis ya tambaya.

"Ya zo sau ɗaya. Har kujerar gaba muka ba shi." Virgil ya juya yana jera gwangwanaye da suke a jere. "Yanzu ƙanwarka yake aikowa in gishiri ya ƙare."

A gida ƙanwar tasa, Odessa, ta ajiye wake da burodin masara. Ta tambayi uban ko gobe za a fara yanka, ko a jira hadarin ya wuce. Hannun tsohon ya tashi zuwa haɓa. Ya tsaya a hanya, ya koma kan tebur.

"Gobe," ya ce.

Alvis ya daɗe yana juya cokali.

"Baba, maganar nan ta rediyo..."

"Gogen ya fita ras," in ji tsohon. "Har ya tuna mini da uwarku. Ci abinci, yana hucewa."

Da ya koma birni, Alvis ya ce wa Dorsey daga yau kiɗa kawai zai yi.

"Masu goge sun yi layi a bakin ƙofa, samari. Mai alfadari kuwa kai kaɗai ne."

Ba zai yi kyau a ce nan take ya ajiye malafar ba, domin bai ajiye ba. Ya ci gaba da shafa haɓa har sanyi ya shiga ya fita, kuma ya san inda muryar ke sauka kowace Asabar. Daga baya ne ya bar shirin, ya koyi aski a wurin wani tsoho a bayan tasha, ya dawo kusa da gida.

Hershel ya yi tsawon rai. Duk ƙarshen wata Alvis kan je kwarin da almakashi da reza ya gyara masa fuska, su yi zancen ruwa da na taba. Tsohon bai taɓa ɗaga masa murya ba, maganar nan kuma ba a sake jin ta a bakinsa ba. Odessa ta ce ko a gona, in ta kai abincin rana, takan hango su daga nesa, shi da alfadarin, suna bin kunya ba mai cewa komai.