Ranar da Babur ɗin Sojan Laima Ya Tashi

Baba bai cika wata guda a gidana na Bowie, can ƙasar waje, ba ya fara neman hanyar gudu. Mutumin da ya tsufa yana gyaran babura a Fagge, wanda rumfarsa ba ta rabuwa da 'yan hira, shi ne za a ce ya zauna a falo yana kallon ciyawa ta taga? Daga falo ya leƙa kicin, daga kicin ya fita bakin ƙofa, ya dawo, takalminsa fat-fat har cikin kaina.

"Wannan wane irin gari ne?" in ji shi. "Ba mai sallama, ba mai wucewa a ƙafa. Kowa ya faɗa mota ya ja gilashi kamar an biyo shi."

Ni kuwa ba yawon buɗe ido na kawo shi ba. Ciwon daji ne, kuma likita ya faɗa mana ƙarara cewa maganin da ake saka masa ta jijiya sai an kai shi har shigowar sanyi, in aka katse a tsakiya an yi aikin banza. Aikin jinya nake yi, na san abin da maganar take nufi. Na kai shi masallacin Landover ranar Juma'a ya yi hira da direbobi 'yan Maradi, na dafa masa miyar kuka har na gaji. Duk a banza.

Maƙwabcinmu wani dattijo ne baƙar fata, ya yi ritaya, matarsa ta rasu. Wata safiya ya buɗe garejinsa ya jawo wani dogon bututun ƙarfe mai kama da ganga biyu a haɗe. Baba yana bakin ƙofa, kafin in ankara ya tsallaka. Na bi shi da gudu don in yi tafinta, saboda Turancin Baba bai wuce na gaisuwa ba.

A cikin bututun wani ɗan babur ne a naɗe, kore, tsayinsa bai wuce gwiwata ba sosai. Dattijon ya ce na sojan laima ne na Ingila, tun Yaƙin Duniya na Biyu, a gwanjo ya saye shi da daɗewa. A haka ake jefo shi daga jirgin sama, soja ya diro, ya ɓalle bututun, ya ɗaga hannayen babur da sirdi, ya hau ya bar wurin kafin a gan shi. Baba ya tsuguna yana shafa shi. Ba kik, ba fitila, giya ɗaya, birki na baya kaɗai. Tankin ma sai an buga masa iska da ɗan famfo kafin mai ya taho.

"Kai, masu abin nan sauri suke yi," in ji Baba. "Tambaye shi, yana tashi?"

Babur ɗin bai taɓa tashi a hannun dattijon ba. Daga ranar suka ƙulle, ba sa ma nemana. Baba ya miƙa hannu, dattijon ya ɗora masa sifana. In ba ita ba ce ya yi tsaki, su yi dariya. Har na fara hamdala, ashe da sauran rina a kaba.

Wata ranar da maganin ya kwantar da shi, ya wuni yana amai, sai ya kira ni. Ni 'yar fari ce, bai taɓa ambatar sunana ba.

"Ke, ki saya min tikiti. In mutuwa ce ta same ni a ɗakina."

Na manta da wa nake magana. Na ce haba Baba, so kake ka mayar da ni marainiya gaba ɗaya? Na yi ta faɗa ina kuka, ya bar ni har na yi shiru.

"To, na ɗaukar wa bawan Allahn nan alkawari," ya ce. "Ranar da babur ɗinsa ya tashi, ranar za ki saya min. Na gama magana."

Duk wanda ya san Baba ya san ba ya magana biyu. Ko kwastoma ya yi wa alkawarin Laraba, to Laraba ce ko ana ruwan ƙanƙara.

Shi ke nan rashin natsuwar ya koma kaina. Ni ce yanzu mai kai-kawo. Ina wurin aiki hankalina yana garejin mutane. In na shigo layinmu sai in sauke gilashi in kasa kunne. Ƙarar injin yankan ciyawa ma sai ta sa gabana ya faɗi. Wallahi na tsani ɗan babur ɗin nan, abu kamar na wasan yara amma ya hana ni sukuni. Maigidana har tsokanata yake yi, wai bai taɓa ganin mai yi wa ƙarfe addu'ar kada ya warke ba. Su kuwa kullum ana ci gaba: an wanke kabureta, an sauya fulogi, an samo sabon tiyo. Magani ko rabi bai kai ba.

Ran wata Asabar da hantsi ina wanke-wanke na ji shi. Tat-tat-tat, sannan ya ɗauke da wata siririyar ƙara. Na fito da kumfa a hannu. Dattijon ne ya tura babur ɗin ya tashi, yana tsaye tsakiyar titi yana haki yana ihu. Ga Baba can a kan babur, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa, riga ta cika da iska, hayaƙi na bin sa. Ya kai ƙarshen layi ya karyo kwana yana dariya da baki buɗe. Rabon da in ga haƙoransa haka tun Inna tana da rai. Na yi murna, na kuma ji kamar in ɗauki dutse in rotse injin. Na koma ciki na zauna a ƙasan kicin na yi kukana.

Baba ya shigo ya yi Azahar, ya ci tuwo fiye da yadda ya saba. Ina jira, bai tayar da maganar tikiti ba. Na buɗe waya na duba jiragen Kano, na rufe, na sake buɗewa. Da La'asar ta wuce na kasa haƙuri, na ce gara a yi ta ta ƙare, na tsallaka garejin.

Babur ɗin yana shimfiɗe a kan tamfol gunduwa-gunduwa. Inji a gefe, sarƙa a cikin kwano, notuna a jere kan tsumma. Baba yana zaune kan bokiti yana goge fistan.

"Baba, ba ɗazu ya tashi ba?"

"Wannan ne tashi?" Bai ɗago ba. "Ba ki ji tarin da yake yi ba? Ni ba na miƙa wa mutum aiki rabi da rabi. Zoben fistan sai an aiko daga Ingila, kuma ban ga alamar za a same shi nan kusa ba."

Dattijon ya matso kusa da ni, ya ce da Turanci a hankali, shi fa lafiya lau ya ji ƙarar, bai san abin da ya sa aka wargaza masa babur ba.

"Me ya ce?" in ji Baba.

"Cewa ya yi shi ma ya ji tarin."

Baba ya gyaɗa kai, ya ci gaba da gogewa. Can ya ce, "Yaushe ne ma komawa asibitin?"

"Talata, Baba."

"To ki gaya masa ran Talata ba aiki."