Kiɗan Addolorata

Oronzo wanzami ne a garinmu, ko da yake mutanen birnin Lecce sun fi saninsa da ganga. Yana saurayi, ko ƙofar coci ba ya kallo, aka ja shi gidan maƙwabta ya taya makaɗa aiki. Gizo-gizo ya ciji 'yarsu Addolorata a gonar taba, ta kwanta ba ci ba magana.

A nan, idan haka ta faru, farin zane ake shimfiɗa wa mara lafiya, a yi ta sauya kiɗa har a dace da wanda ƙafarta za ta amsa. Daga ranar ya zama nata, ba a kaɗa shi don nishaɗi. Tsofaffin makaɗan suka ƙarar da duk abin da suka sani, ko motsi ba ta yi ba. Oronzo ya bi numfashinta da tafin hannu, ya haɗa sabon kiɗa. Ta tashi, ta yi rawa har jininsa ya ɓata fatar gangar. Washegari aka gan shi durƙushe a coci gaban mutum-mutumin Waliyyi Bulus, mai ceton waɗanda gizo-gizo ya ciza, yana kuka. Ya yi ta haɗa kiɗa har ya tsufa, amma wancan bai sake taɓa shi ba sai a ɗakinta, idan ciwon ya motsa da bazara.

Bara ɗan ƙanwarsa Cosimino ya ɗauki kiɗan a waya. Oronzo yana gani, ya kawar da kai.

Makon jiya da la'asar masu shirya bikin gari, waɗanda Cosimino ya kai wa kiɗan, suka sake shi a lasifika don gwaji, wata yarinya tana birgima a dandamali, wai ita ce mara lafiya. Addolorata ta fito daga kanti da burodi. Ƙafarta ta amsa. Tsohuwar ta zube a tsakar dandali, mutane suka ɗaga wayoyi!

Oronzo ya fito da aska a hannu.

"Kawu, talla ce fa na yi maka," in ji Cosimino. "Dubi jama'a!"

"Da uwarka ce a ƙasa, da za ka ce dubi jama'a? Kashe min abin nan, sakarai!"

Ba wanda ya kashe. Oronzo ya datse wayar lasifikar da askar, ya tuɓe farar rigar aikinsa ya shimfiɗa mata, ya aika a ɗauko gangar. Ya juya wa taron baya ya kaɗa mata har ta miƙe.

Kwamitin shirya bikin kuma ya ce bikin yana nan ranar Asabar, da kiɗan.