Igiyar da Muka Bari a Zaure

Mun tashi da asuba ranar Laraba, kuma da ƙarfe biyar da kwata daidai na yi kuskuren da ya kusa ɓata tafiyar gaba ɗaya. Na san lokacin domin babana ya ara mini agogonsa na aljihu. Kawuna yana ɗaure kaya a kan takarkari a ƙofar gidanmu a Gure, sai ya ɗaga igiyoyin guga biyu, doguwa da gajera, ya ce, "Mai takarda, wacce za mu ɗauka?" Na buɗe kayena, wato littafin rubutuna na makaranta, na ga rijiyoyi shida da na rubuta, kowace da sunanta da nisanta. Na ce gajerar ta isa, doguwar nauyi kawai za ta ƙara wa dabba. Ya jefa doguwar cikin zaure, muka kama hanya.

Ku 'yan ajinmu kun tuna ranar da malaminmu, wanda muke kira mushe, ya gaya mana cewa can yamma, bakin kogin Kwara, an keɓe wani daji inda aka hana kashe namun dawa, har akwai masu rubuta irin dabbobin da ke ciki. Ban yi magana ba a aji, kun san halina. Amma tun ranar nake tunanin cewa mu ma muna da daji a arewa da mu, cike da barewa da jimina, ba wanda ya taɓa rubuta su. Da na ji kakata za ta ziyarci ƙanwarta a Kelle, kawu kuma zai wuce wajen makiyayan Alakos sayen fatu, sai na roƙi babana ya bar ni in bi su. Sati uku ina zaune bayan buhunan kanwa a shagonsa, ina sauraron masu raƙuma, ina rubuta abin da suka ce game da hanya. Kawu ɗan hanyar kudu ne, bai taɓa wuce Kelle ba, don haka ya dogara da kayena. Ya yi mini alkawari: in takardata ta kai mu ta dawo da mu lafiya, zai kai ni dutsen Tarmit bayan damina mai zuwa, inda aka ce akwai mariri, farar dabbar nan mai dogayen ƙaho.

Kwana biyun farko sun yi daɗi. Mu uku ne, da takarkari biyu da jaki ɗaya wanda kaka ta hau. An gama girbi, gonaki duk kara, ƙarangiya kuwa ta nuna sosai, tana kama zane kamar mai bin mutum da gaisuwa. Hanyar tana hawa tudun rairayi ta sauka cikin kwari, kuma kowane kwari da goribarsa da 'yar rijiyarsa, ruwa kusa har kana ganin fuskarka. Gajerar igiyarmu ta yi aiki, ni kuwa ina ta sa alama a kaye ina jin daɗi a raina. Kaka ba ta bar ni na huta ba. Duk tsuntsun da ya tashi sai ta ce, "Malama, rubuta shi, kada ya je ya ce ba a san da shi ba."

Kelle gari ne a gindin jajayen duwatsu. An tarbe mu da wushe-wushe irin na Mangawa, gaisuwa ba ta ƙarewa, aka yi mana tuwon gero da miyar kuka mai man shanu har yana kwarara. A kasuwarsu matan Fulani ba su damu da tamma ko wani kuɗi ba, musaya suke yi. Dunƙulen kanwa ɗaya yana kawo ƙwaryar nono cike, dabinon Gure kuwa tafi biyu yana kawo cuku uku. Kaka ta kwana biyu da ƙanwarta, suka yi faɗa a kan wata tukunyar mahaifiyarsu, suka shirya, sannan ta ce ita ma za ta bi mu arewa, ba za ta bar jikarta a hannun mutumin da bai iya dama fura ba.

Daga Kelle ƙasar ta sake. Goriba ta ƙare, sai aduwa da bagaruwa jefi-jefi, da ciyawa fara har iyakar gani. Ranar Litinin da ƙarfe sha ɗaya muka iso rijiya ta biyar, salkarmu ɗaya ta bushe, ɗayar saura rabi. Rijiyar tana daidai inda na rubuta, har na ɗan ɗaga kai. Ba kowa a wurin, makiyaya sun shayar tun da safe sun tafi da igiyoyinsu. Kawu ya zura guga. Igiya ta ƙare a hannunsa, guga yana lilo a iska. Ya ƙulla akalar takarkarai, ya ƙulla igiyar kaya, ya kwance rawaninsa ya ƙara, kaka ta ba da mayafinta. Ya kwanta rubda ciki a bakin rijiyar ya miƙa hannu iyakar ƙarfinsa. Gugan ya fito a bushe.

Sai a lokacin na gane abin da na yi. Na tambayi masu raƙuma ina rijiya take, kwana nawa ne, ruwanta da daɗi ko da kanwa. Ban taɓa tambayar zurfinta ba. Ni 'yar Gure ce, na tashi ina ganin ana ɗiban ruwa a kwari da igiya gaba uku, ban san akwai ƙasar da ruwa ke gudu can ƙasa haka ba. Su kuwa ba su faɗa ba, domin a wajensu kowa ya san wannan.

Komawa Kelle yini guda ne da rabi, rijiya ta gaba kuma ba mu san nata zurfin ba. Kawu ya ce mu zauna, wanda ya shayar da safe zai dawo. Muka fake a gindin wata aduwa mai ɗan nisa. Ya ba kaka ruwa, ya ba ni, shi ya jiƙa leɓe kawai. Da ƙyar na buɗe baki na ce, "Kawu, ka fasa kai ni Tarmit ke nan?" Ya ja hula ya rufe fuska.

Ƙishirwa ta sa muka yi shiru, har kaka. Shirun nan kuwa shi ya kawo abin da na zo nema. Wajen ƙarfe biyu zabin daji suka fito, sun fi talatin, suna tsattsagar laka a gindin kwamin shayarwa. Bayansu dila ya zo yana ɗingishi, ya lashi ƙasa ya wuce. Ƙarfe uku da minti ashirin na hangi barewa bakwai a kan tudu, suka tsaya suna kallonmu, kunnuwa a miƙe. Sannan jimina ta ratso da 'ya'yanta tara a baya, suna gudu kamar ƙwallon kaba masu ƙafa. Harshena ya bushe, amma na rubuta duka. Kaka ta matso ta raɗa mini, "Rubuta da kyau, in mun mutu a san mun ga jimina."

Da la'asar wata tsohuwar Buzuwa ta iso da 'ya'yanta mata biyu, da raƙumi da garken awaki. Ta dubi igiyarmu mai rawani da mayafi a jiki, ta yi dariya har ta riƙe ciki. Amma gugan farko da raƙuminsu ya jawo, mu ta miƙa wa, kafin ko akuya ɗaya ta sha. Haka al'adarsu take ga matafiyi. Da ta ji labarin kayena, sai ta kama hannuna ta kai ni bakin wata turba da ta miƙe daga rijiyar zuwa fili, ta tsaya a daji ba ta kai ko'ina ba. Ta ce da hausarta mai nauyi, "Ɗiyata, nan raƙumi yake bi in yana jan guga. Inda ya tsaya, nan guga ya iso baki. Taka ki ji." Na taka turbar ina ƙirgawa, na samu taki sittin da huɗu. Ashe zurfin rijiyar yana kwance a ƙasa a fili, mun wuce ta kansa da safe ba mu gani ba.

Mun bi su har zangonsu, kawu ya sami fatunsa a can, suka cika mana salka. A hanyar dawowa duk rijiyar da muka tarar sai na taka turbarta na rubuta. A Kelle na sake yi wa kawu tambayata ta zuwa Tarmit, ya ce in miƙo masa buta.

Mun shigo Gure ranar Asabar da hantsi, kwana goma sha ɗaya da fita, kowa lafiya. Abin da na koya shi ne, takarda ba ta san komai ba sai abin da mai ita ta tambaya, kuma mutum ba ya tambayar abin da yake zaton ya sani. Na kuma koyi cewa dabbar daji ba ta zuwa sai an zauna an yi shiru.

Muna sauke kaya, doguwar igiyar tana nan a zaure inda aka jefa ta. Na tsaya kusa da ita, na kasa tambaya karo na uku. Kawu ya ɗauke ta, ya karkaɗe, ya ɗora mini a kafaɗa har na durƙusa.

"Mai takarda, gobe ki koma bayan buhunan babanki," in ji shi. "Ki tambayo mini taki nawa ne turbar rijiyar Tarmit. In wannan ba ta kai ba, muna da damina guda mu tufka ƙari."