Adda Mu'minat da Ƙafar Innarmu

Yayata Mu'minat, wadda muke ce wa Adda, ta ɗebi jinin mutanen da ba za su ƙirgu ba tsakanin Roni, Gwiwa da Babura, tana binciken ciwon suga. Jinin mutum ɗaya ne bai taɓa shiga kwalbarta ba, na uwar da ta haife ta. Duk lokacin da na tuna dalili sai raina ya ɓaci kamar yau abin ya faru.

A wata ruga kusa da Roni aka haife mu, cikin Fulanin da suka zauna suka haɗa kiwo da noma. Adda ce 'yar fari, ni Sadiyya ni ce auta. A gidanmu kuwa kunyar 'yar fari ba wasa ba ce. Innarmu Fatu ba ta kama sunanta, ba ta haɗa ido da ita, ba ta cin abinci a gabanta. Ana yaye ta aka miƙa wa Goggo Asma'u, ƙanwar mahaifinmu, ta tashi a ɗakin da ke kallon na Inna. In Inna tana so ta ci abinci, sai ta dubi bango ta ce, "A gaya wa waccan tuwo na hucewa." Ni kuwa har na yi wayo a cinyarta nake zama. Kowa yabon Inna yake yi, wai ga mace mai kunya.

Ciwon mahaifinmu ne ya kai Adda ga aikinta. Tana sakandare a Kazaure ya fara rama, ya sha ruwa ya sake sha, inda ya yi fitsari a bayan zana tururuwa su taru. Wasu suka ce sammu ne, wasu suka ce iska ce, har Allah ya karɓi abinsa. Sai ta lura haka kakanmu ya tafi, haka wani kawunmu, ga shi kuma Inna da Baba 'ya'yan wa da ƙani ne. Abin ya tsaya mata a rai. Ta yi jami'a a Kano, ta tsallaka ƙasar waje ta karanci yadda cuta ke bin jini daga iyaye zuwa 'ya'ya, ta dawo ana ce mata Dokta. Ita ba likitar duba marasa lafiya ba ce, kullum sai ta yi wa mutanenmu wannan bayani, kullum kuma sai wani ya buɗe mata baki ta duba masa haƙori.

Aikinta shi ne bin gidajen da ciwon ya yi wa katutu. Na sha ganinta a bayan ɗan acaɓa ranar kasuwar Babura, garin da nake aure, ta rungume kular ƙanƙara a cinya kamar mai goyo. Ta zauna da tsoho ta bi masa dangi tun daga kakanni, wa ya auri wa, wa ya mutu yana kukan ƙishi. Da farko aka ce sayar da jinin take yi wa Turawa. Ita ba ta kula ba, ni ce na kusa dambe da wata mata a gidan suna. A hankali mutane suka saki jiki, don duk wanda ta gano yana da ciwon sai ta ga ya kai kansa asibiti. Ta koya wa tsofaffi da yawa duba tafin ƙafarsu kowace safiya, saboda mai suga ƙafarsa kan daina ji, ya taka ƙaya bai sani ba.

Ta fi kowa sanin cewa Inna tana cikin haɗari. Ta bi ta hannun Goggo ta roƙi a bar ta ta ɗiga jini daga yatsa kawai. Inna ta ce 'yar fari ba za ta riƙe mata hannu ba. Ta turo abokiyar aikinta, Inna tana jin daga wurin wa aka zo ta ɗauki ƙwarya ta tafi tallan nono. Ta sayo na'urar gwaji ta koya wa Goggo, aka naɗe ta a tsumma aka adana a ƙasan kwalla kamar kayan gado.

Na ce mata, "Adda, ki bari in danne ta ke ki soka mana."

Ta yi dariya ta ce, "Ke dai Sadiyya ba ki da ta ido. Zan bi ta a hankali."

Matar da ke tsayawa gaban manyan masana ta ce musu ba haka ba ne, a ƙofar ɗakin Inna kanta a ƙasa yake. Ita ma da kunyar aka rene ta.

Da kaka, wajen yankan gero, tsinin kara ya soki Inna a tafin ƙafa. Ba ta ji ba, Goggo ce ta ga jini a tabarma. Suka yi ta gashi da ruwan zafi har ƙafar da ba ta ji ta ƙone, suka shafa man shanu suka ɗaure da tsumma. Ba wanda ya aiko mini, don sun san bakina ba ya riƙe magana.

Ga abin da har yau na kasa haɗiyewa. Ana cikin haka Adda ta zo gida. Da suka ji tana tafe, sai suka cika ɗakin da turaren wuta don kada ta ji wari, Inna ta ja zane ta rufe ƙafafu ta juya gefe. Adda ta durƙusa a bakin ƙofa ta gaishe ta, tsakaninta da ƙafar bai wuce miƙa hannu ba. Ta tambayi Goggo me ya hana Inna fitowa tsakar gida.

"Ɗan sanyi ne ya kama ta," in ji Goggo.

Adda ta ajiye tsarabarta ta koma Kano. Manyan mata biyu, da hankalinsu da furfurarsu, suka haɗa kai suka ɓoye ciwo ga mutum ɗaya tak a duk zuriyarmu da ke iya gane shi da kallo.

Lokacin da na zo ganin gida, turare ya daina iya rufe komai. Ban nemi izinin kowa ba na ɗaga zanen. Yatsun sun yi baƙi ƙirin, kumburin ya wuce idon sawu.

"Goggo, wannan fa? Adda ta zo gidan nan kuka ɓoye mata?"

"To yaya kike so a yi? Uwa ta buɗe wa 'yar fari ƙafa? Me mutane za su ce?"

"Mutanen su zo su ara mata tasu ƙafar mana!"

Inna ta kama bakin mayafina tana cewa in rufa mata asiri, kada waccan ta ji. A gabanta na danna waya na kira Adda.

Daga asibitin Kazaure aka tura mu Kano. Likitan da ya duba Inna matashi ne, bai san Adda ba. Abin da ya gani kawai mace ce cikin hijabi riƙe da kwanon abinci, idonta ya yi ja. Ya fito da mu waje ya ce ciwon ya ci ƙashi, sai an yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa, in ba haka ba rai ake magana. Shi ma ransa a ɓace yake.

"Suga ya daɗe yana cin baiwar Allahn nan. Da an kawo ta da wuri, wanki ne da magani kawai. Yanzu har ƙauye-ƙauye ake bi ana wayar da kan mutane. Wai duk gidanku babu wanda ya je makaranta ne?"

Na buɗe baki zan gaya masa wace ce ke tsaye a gabansa. Adda ta kama hannuna ta matse har sai da na ji zafi.

"Babu, likita," in ji ta. "Ku yanke."